Kowace Ƙasa Da Irin Da Take Karɓa: Shawara Ga Masu Lambun Bayan Gida A Tudun Adamawa

Duk inda gidan Bahaushe yake a ƙasar nan ta Kamaru, ko a Birketiri ta Yawunde, ko a Niyu Bel ta Duwala, ko a unguwannin Ngaundere da Tibati da Banyo, tukunyarsa ba ta rabuwa da kuka da kuɓewa da yakuwa da zogale. Kakanninmu da suka biyo hanyoyin fatauci suka zauna a waɗannan garuruwa sun taho da harshensu da sana'o'insu, sun kuma taho da miyarsu. Sai dai a yau yawancin waɗannan kayan miya daga kasuwa muke saye, bayan an loda su a buhu daga arewa sun sha rana da ƙurar hanya. Uwargida takan kashe kuɗin cefane a kan ganyen da aka shanya tun bara, alhali ga fili a bayan ɗakinta ciyawa na cinyewa.

In ka tambayi mai gida dalilin da ya sa ba ya shuka kome, amsar da za ka ji ita ce ya gwada bai yi ba. Wani ya sayi irin albasa a takarda mai hoto, ta yi ganye shar amma ta ƙi yin kai. Wani ya dasa dabino shekara goma ke nan bai ɗanɗana ko ƙwaya ba. Wani kuwa zogalensa ya ruɓe tun daga gindi a tsakiyar damina. Sau da yawa hannun mai shuka ba shi da laifi. An kai iri ne ƙasar da ba tasa ba, ko kuwa an shuka shi a lokacin da ba nasa ba. Saboda haka yanzu da damina ke ja da baya, kuma masu lambu ke gyara fangali, muka ga ya dace mu tattauna yadda za mu zaɓi abin da ya dace da tudun nan namu, da kuma yadda za mu raba iri a tsakaninmu ba tare da mun raba wa juna annoba ba.

Wane irin sanyi ne namu?

Wanda ya taso daga Garwa a mota ya hau tsaunin da ke gab da Ngaundere yakan ji iska ta sake tun kafin ya iso gari. Dalili kuwa shi ne Garwa tana kwari ne a bakin kogin Binuwai, tudunta bai wuce mita 200 da 'yan kai daga teku ba, ita kuwa Ngaundere ta haura mita 1,100. Kamar yadda muke koya wa yara a darasin labarin ƙasa, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa a watannin Maris da Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, mu a tudu muna iya barci cikin ɗaki.

Ruwan sama ma haka. Marwa takan sami wajen milimita 800 a shekara, cikin wata huɗu ko biyar. Ngaundere takan sami kusan ninki biyu na wannan, watau wajen milimita 1,500, daga Afrilu har Oktoba. Bamenda ta fi mu, Duwala kuwa takan haura milimita 3,500. A watannin Disamba da Janairu dare yakan yi sanyi a tudu, ma'auni ya sauko kusa da digiri 10 zuwa 13, amma da hantsi rana ta fito ta gasa ƙasa. Ruwa ba ya daskarewa, ƙanƙarar sanyi ba ta ƙona ganye kamar yadda take yi a Turai. Wannan shi ne hunturu mai sauƙi, kuma babbar ni'ima ce ga mai lambu, domin kuwa muddin akwai rijiya ko rafi, babu watan da ƙasa ke hutawa dole.

Amma fa wannan ni'ima tana da iyaka ta fuska biyu. Sanyin bai kai ya gamsar da itatuwan Turai irin su tuffa ba, waɗanda sai sun sha sanyi mai tsanani na makonni kafin su yi fure sosai. Haka kuma laimar daminarmu ta yi wa 'yan hamada yawa. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu mai lambu zai yi zaɓensa.

Kayan miyar gida

Bari mu fara da zogale, tun da shi ne aka fi tambaya. Asalinsa daga arewacin Indiya ne, kuma yana son zafi da ƙasa mai tsane ruwa. A tudu yana yi, sai dai bai kai saurin girman da yake yi a Marwa ba, kuma da sanyi ya shigo yakan tsaya cik har ya zubar da ganye. Abin da ke kashe shi shi ne kwanciyar ruwa a gindinsa. Saboda haka a yi masa tudun ƙasa ko kunya mai tsawo, nesa da inda indararo ke zuba. Ƙwayarsa takan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma wanda ya fito daga ƙwaya ya fi wanda aka dasa reshensa zurfin saiwa. Idan ya kai ƙirjin mutum sai a datse kansa don ya yi rassa, ganye ya zauna inda hannun yaro zai kai.

Kuka ba ta yawaita a nan kamar yadda take a ƙasar Marwa ba, kuma wanda ya jira ta zama bishiya zai daɗe yana jira. Amma akwai wata dabara da masu binciken itatuwa suka gwada tare da manoma a ƙasar Mali, watau shuka kuka a fangali kamar alayyahu. Ana kankare bayan ƙwayar kaɗan, ko a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, domin ɓawonta yana da tauri. Sa'an nan a shuka kusa da kusa, a riƙa ban ruwa. Cikin 'yan watanni za a fara tsinkar ɗanyen ganye, kuma muddin ana datsewa ba za ta gagari bayan gida ba. Wanda bai taɓa shan miyar ɗanyar kuka ba, gani ya kori ji.

Rama da yakuwa da alayyahu da lalo ba su da wuyar sha'ani, damina tasu ce. Abu guda ne ya kamata mai son soɓorodo ya sani. Yakuwa ba ta yin fure sai yini ya fara gajarta wajen ƙarshen damina. In an shuka ta da wuri za ta yi girma da rassa kafin lokacin furen, a sami soɓo mai yawa. In kuwa an makara, za ta yi fure tana 'yar ƙarama, ribar ta zama kaɗan. Game da kuɓewa, gajerar nan ta arewa mai saurin haihuwa tana son zafi, kuma sanyin Disamba yakan sa ta nawa. Doguwar kuɓewa da maƙwabtanmu na kudu ke shukawa ta fi jure laima, tana makara wajen haihuwa amma takan ci gaba da ba da 'ya'ya har cikin rani. Gidan da ya haɗa biyun ba zai rasa yauƙi a miya ba.

Shanyar ganye kuwa a bari sai kaka, sa'ad da iska ta bushe. A shanya a inuwa bisa tabarma mai tsabta, domin rana tana kashe launin ganye, tana kuma rage amfaninsa ga jiki. Ganyen da aka shanya cikin Agusta a tudun nan funfuna ce ke cinye shi.

Waɗanda sanyi ke yi wa daɗi

A nan ne tudu ya fi kwari. Kabeji da karas da latas da koren wake da dankalin Turawa duk 'yan sanyi ne, kuma shi ya sa Santa da ke kusa da Bamenda da Fumbot da ke ƙasar Bamun suka yi suna wajen cika kasuwannin Duwala da Yawunde da kayan lambu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu mu ma muna da irin wannan dama. Karas ba a dasa shi, a inda zai zauna ake yafa shi, cikin ƙasa mai laushi marar duwatsu, in ba haka ba sai ya fito da ƙafafu biyu. Kabeji da latas kuwa ana rainon su tukuna, a dasa bayan wajen mako huɗu, da yamma sa'ad da rana ta yi sanyi.

Tumatir yana son daren da ba zafi, domin in dare ya yi zafi furensa zubewa yake yi. Da damina kuma cutar ƙunar ganye takan gama da shi cikin 'yan kwanaki, ita ce kuma ke addabar dankalin Turawa. Saboda haka ga mai ɗan lambu wanda ba shi da kuɗin feshi, hunturu ne lokacin tumatir. A zuba ruwa a gindi, kada a jiƙa ganye.

Albasa ita ce ta fi yaudarar mutane. Tsawon yini ne ke gaya mata lokacin yin kai. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya yininmu ba ya nisa da awa 12 duk shekara. A Faransa kuwa yinin bazararsu yakan kai awa 15 zuwa 16, kuma yawancin albasarsu ta saba da haka. In aka kawo irinta nan za ta yi ta jiran dogon yinin da ba zai zo ba, ta ƙare a ganye. Abin nema shi ne irin ƙasashenmu, kamar 'yar Galmi ta Nijar, wadda sunanta ya zaga Afirka ta Yamma, ko Gudami wadda manoman Marwa da Garwa suka sani. A kuma lura, irin albasa ba ya daɗewa. In ya shekara, rabin ƙarfinsa ya tafi.

Jar ƙasar tudun nan ruwan sama ya daɗe yana wanke ta, tana da tsami, kuma ba ta da ƙarfi kamar yadda launinta ke nunawa. Maganinta yana kusa da mu. Adamawa ƙasar shanu ce, taki ba ya wuya. Sai dai a bari ya ruɓe sosai kafin a zuba, domin ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma jawo gara. Tokar murhu ma tana rage tsamin ƙasa in an barbaɗa da awo.

Itatuwa: a yi tunani kafin a haƙa rami

Kuskuren da aka yi da alayyahu wata ɗaya ya isa a gyara shi. Wanda aka yi da itace kuwa sai an shekara biyar ko goma kafin a gane. Fiya tana son tudu da ruwa wadatacce, kamar yadda duk wanda ya ga kasuwar Mbuda zai shaida. Mangwaro ma yana jin daɗinmu, domin bushewa da sanyin hunturu su ke sa shi fure. Amma ga duka biyun shawararmu ita ce a nemi mai aure. Itacen da aka yi wa aure yakan fara haihuwa cikin shekara 3 ko 4, kuma 'ya'yansa irin na uwar da aka yanko reshen ne. Wanda ya fito daga ƙwallo yakan ninka wannan lokaci, sa'an nan ba ka da tabbacin abin da zai ba ka. Gwaiba da lemun tsami da ayaba su ma sun karɓi ƙasar. Gwanda tana da mace da namiji, don haka a zuba ƙwaya uku a rami. In sun yi fure sai a cire mazan, masu dogon zangarniyar fure, a bar ɗaya ga mata kamar goma.

Dabino kuwa a bar wa mutanen Agadas da Bilma. Zai tsiro, zai yi tsawo, amma 'ya'yansa suna bukatar zafi mai tsanani da busasshiyar iska kafin su nuna, kuma ruwan sama yana ruɓar da su a kan itace. Lalle zai rayu in an ba shi wuri mai rana, ya kuma yi shinge mai kyau, ko da yake mata sun san na ƙasar zafi ya fi kamu. Itacen turare, wanda ya cika tuddan Bamenda, kada a kusantar da shi ga rijiya ko fangali, domin shan ruwansa ya wuce misali, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ba ya yin albarka.

Kyautar iri da ladubbanta

Tun can asali Bahaushe ba ya sayen irin miya. Maƙwabciya ce ke miƙo kwanson kuɓewa ta kan katanga, ko hajiya ta dawo daga biki a Garwa da ƙullin yakuwa a bakin zane. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 wannan musaya ta ƙara faɗi, ayaba da fiya suna hawowa daga kudu, albasa da kuka suna gangarawa. Wannan al'ada ta fi kowane kanti amfani, domin irin da ya shekara da shekaru a unguwa ya riga ya saba da ƙasar da ruwanta da ƙwarinta. Da ɗan gari kan ci gari.

Sai dai kyauta tana da sharuɗɗa. Mai bayarwa ya zaɓi iri daga tsiron da ya fi lafiya, ya bar 'ya'yan farko su ƙosa a kansa. Tattara ragowar ƙarshen kaka a kira shi iri, shi ke sa amfani ya riƙa lalacewa shekara bayan shekara. Ya kuma faɗi gaskiya: daga ina irin ya fito, yaushe aka girbe shi, wane wata yake so. Idan takardar da aka sayo irin tana ɗauke da alamar F1, to, a sani haɗin kamfani ne. Zai yi kyau a shukar farko, amma 'ya'yansa ba sa gado, kowane ya kama gabansa. Irin wannan ba abin ajiya ba ne, ba kuma abin kyauta ba. Mai karɓa shi kuma, in nasa ya yi, ya mayar da ƙulli ga wanda ya ba shi. Yaba kyauta tukuici. Ta haka in ɓera ko laima ta ɓata na gida ɗaya, ana samunsa a gida na biyu.

Yanzu ga inda hatsarin yake. Ciyawar nan da ake kira Bokasa, wadda 'yan'uwanmu na Gana ke ce wa Acamfon, daga nahiyar Amurka ta fito. Hannun mutane ne ya ƙetare teku da ita, ga shi yau tana cinye makiyaya, makiyaya na kuka da ita. Haka kuma wata kainuwa mai kyakkyawan fure, wadda aka yaɗa a duniya don ado, ita ce ke toshe wa masunta hanya a kogin Wuri. Ƙaramar tsutsar nan mai huda ganyen tumatir daga Amurka ta Kudu take. An fara ganinta a Sifen a 2006, kuma a 2016 ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarnar da ta sa tumatir ya gagari talaka a Nijeriya. A cikin kwanduna da 'ya'ya da dashe take tafiya. Cutar da ke murɗe ganyen rogo a cikin sandar rogo ake kai ta gona, wadda ke tsugunar da ayaba kuma a cikin 'ya'yan gindi.

Saboda haka ga abin da muke roƙon jama'a. Busasshiyar ƙwaya ta fi dashe aminci, musamman in daga nesa ne. Kada a ɗauko tsiro da ƙasarsa daga wani gari, domin cututtukan saiwa a cikin ƙasa suke ɓoye. Kada a yanki reshe daga tsiron da ganyensa ya murɗe ko ya yi dabbare-dabbare. Baƙon tsiro a ajiye shi a tukunya gefe guda na wasu makonni a ga halinsa. Furen da ba a san sunansa ba, kome kyansa, a tambaya kafin a dasa. Wanda zai ƙetaro iyaka da dashe ya nuna wa ma'aikatan duba tsirrai, don amfanin kansa ne. Idan tumatir ya yi yaushi farat ɗaya alhali ganyensa kore ne kuma ƙasa na da laima, a yanki karan a tsoma cikin ruwa a kofin gilashi. In aka ga wani abu fari kamar madara yana zubowa, to, cutar yaushi ce. A tuge a ƙone, kada kuma a mayar da tumatir ko tattasai ko gauta ko dankalin Turawa wurin nan na 'yan shekaru, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Ma'aikatan gona na gwamnati da na cibiyar binciken noma ta IRAD, wadda ke da tasha a Wakwa kusa da Ngaundere, don irin wannan tambaya suke.

Ajiya

Iri yana da maƙiya uku: laima, zafi da ƙwari. A shanya shi a inuwa har ƙwaya ta yi ƙaras in an ciza. Na tumatir a bar shi cikin ruwansa kwana biyu ko uku ya yi tsami, sa'an nan a wanke a shanya. A zuba cikin kwalba mai murfi tare da ɗan busasshen toka, a rubuta suna da shekara a jiki. Kafin shuka, a ɗauki ƙwaya 10 a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma na mako guda. In 7 ko 8 suka tsiro, irin yana da rai. In 3 ne, a nemi wani tun lokaci bai ƙure ba. Wannan aiki ne da ɗan aji huɗu zai iya, kuma a lambun makaranta mun ga yadda yara ke rububin yin sa.

A nan ne ma muke son mu ja hankalin iyaye. Akwai yaranmu a birane da suka san miyar kuka a kwano amma ba za su iya nuna ganyenta ba, ba su kuma san bambancin rama da yakuwa ba. Sunan da ba a amfani da shi ɓacewa yake yi, kuma mu da muke zaune tsakanin harsuna da yawa mun fi kowa sanin haka. Duk tsakar gidan da aka shafe da siminti baki ɗaya, an rufe wa yaro wani aji ne. Ko tsohon bokiti ne a huda gindinsa, a cika da ƙasa da taki, a ba yaro ya shuka na'a-na'a ko barkono, ya zama nasa.

Muna ba masu unguwanni da ƙungiyoyin mata da malaman makarantun boko da na allo shawarar a keɓe rana ɗaya bayan kaka, kowane gida ya fito da ƙullin abin da ya ajiye, a yi musaya a gaban dattawan da suka san iri. Ba ya bukatar kuɗi, tabarma ce da inuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu hunturu mai albarka, Ya sa abin da muka shuka ya amfani na baya.